Zama a Moab: zafin ba shi ne abin dubawa ba

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya da ke zaune a Houston da iyalinsa. An yi masa tayin aiki a Moab, wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin jihar Utah ta Amurka. Ya ga hotunan jajayen duwatsun wurin sun burge shi, an kuma ce masa hamada ce. Yana son sanin yadda yanayin garin yake, da abin da mutum zai yi da ranakun hutunsa, da kuma ko wuri ne da za a zauna da uwargida da yara ƙanana. Ya ƙara da cewa shi zafi ba ya ba shi tsoro, tunda a Sakkwato ya tashi.

Malam, batun zafi na yarda da kai. Wanda ya sha ranar Afrilu a Sakkwato ba Yulin Moab ne zai kore shi ba. Abubuwan da ke korar mutane daga garin nan daban ne: sanyin Janairu, nisa da komai, da kuma uwa uba wurin kwana. Amma bari mu fara da yanayin, domin kalmar hamada da aka faɗa maka za ta iya sa ka yi wa wurin kallon Agadas, alhali ba haka yake ba.

Moab tana kan tudu ne, mita 1,200 da 'yan kai sama da teku, kusan daidai da Jos. Bambancin shi ne Jos tana wajen digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Moab kuwa ta haura 38, saboda haka tana da hunturu na gaske mai dusar ƙanƙara. Ruwan da take samu a shekara bai wuce milimita 230 zuwa 240 ba. Sakkwato da kake gani tana samun fiye da ninki biyu na wannan. Dalili kuwa, garin ya yi nisa da teku, kuma iskar da ke tasowa daga tekun Fasifik sai ta tsallake jerin manyan duwatsu kafin ta iso, a can take zubar da ruwanta, ta ƙaraso a bushe. Shi kansa garin a cikin wani dogon kwari yake, ganuwar jan dutse ta tsare shi gabas da yamma, kogin Colorado ya ratsa ta arewacinsa, daga kudu maso gabas kuma duwatsun La Sal sun tashi har mita 3,877 a ƙololuwar Peale. Wannan zubin ƙasa shi ke juya kusan duk abin da zan faɗa maka.

Daga Yuni zuwa Agusta zafin rana kan tsaya wajen digiri 35 zuwa 38, ranaku da dama ya haura 40, an ma taɓa kaiwa kusan 46. Sai dai zafi ne busasshe. Kai da ka saba da Houston, inda mutum ke jiƙewa da gumi daga ƙofar gida zuwa mota, za ka ji kamar an sauke maka kaya. Da dare yakan sauko ƙasa da 20, domin iskar da ba ta da laima ba ta riƙe zafi, duk da cewa duwatsun da suka wuni suna shan rana sukan ci gaba da furzar da shi har bayan isha'i. Shi ya sa gidaje da yawa ba su da iyakwandishan irin wanda ka sani. Wata na'ura suke ɗorawa a rufi ko a taga, fanka ce da ke jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwan na ƙafewa iskar na yin sanyi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa. Ba ta cin wuta sosai, tana kuma aiki da kyau a Yuni. Da an shiga ƙarshen Yuli iska ta ɗauki laima, sai ta koma fanka kawai. In za ka kama haya, ka tambaya wace iri ce a gidan.

Haɗarin busasshen zafi shi ne ba ka ganin guminka. Yana fita yana ƙafewa, mutum na jin garau har sai kansa ya fara sarawa. A matsayinka na ma'aikacin jinya wannan za ka riƙa gani a wurin aiki: baƙi da suka shiga daji da tsakar rana da 'yar gorar ruwa ɗaya. Hukumar gandayen ƙasa tana ba da shawarar lita 4 ga mutum ɗaya a yini, kuma ruwa zalla ba ya wadatarwa sai da ɗan abu mai gishiri. A makonnin farko yara kan yi haɓo, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, abin da ka sani lokacin hunturu a gida, sai dai nan shekara ce cur. Man kaɗe zai yi muku amfani fiye da yadda kake zato. Rana kuma a tudu tana da kaifi, baƙar fata ba ta hana ido wahala, a nemi tabarau da malafa.

Sanyin shi ne ba a sa wa a hoto. A Disamba da Janairu rana kan tsaya wajen digiri 5 zuwa 7, dare kuma ya sauka zuwa 7 ƙasa da sifili, wani lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba. Dusar ƙanƙara ba ta da yawa a cikin gari, amma akwai wani abu da kwarin ke yi: iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro daga duwatsu ta kwanta a ƙasan kwarin, mai ɗumi ta rufe ta daga sama. Idan haka ta faru bayan an yi dusa, garin kan yi kwanaki a cikin hazo da daskarewa, alhali wanda ya hau tudun da ke sama yana shan hantsi. Ga shi ganuwar yamma tana tare rana tun la'asar. Bututun ruwa kan daskare ya fashe a gidan da ba a kula ba, titin da ke inuwa kan yi santsi. Kuɗin ɗumama gida a hunturu abu ne da za ka sa a lissafi tun yanzu.

Maris zuwa Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba su ne lokutan daɗi, sai dai a na farkon akwai iska mai ƙarfi da ke ɗauke da jan rairayi ta cusa shi ta kowace kafa. Oktoba kam babu abin cewa. Matsalar kawai ita ce duk duniya ta san haka, kuma lokacin take zuwa.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne a wurin da ruwa ya yi ƙaranci haka, ambaliya ce babbar barazana. Daga Yuli zuwa Satumba laima kan taso daga kudu, hadari ya haɗu da yamma, a sheƙa ruwa na 'yan mintoci a wuri ɗaya. Ƙasar dutse ce tsirara, ba ta shan komai, duk abin da ya sauka sai ya tattaru a kwazazzabai ya taho lokaci guda da laka da itatuwa da duwatsu. Kana iya tsaye a busasshiyar korama, sama garau a kanka, ruwan da aka yi kilomita 20 daga nan ya iske ka. A Agustan 2022 ƙoramar Mill Creek da ta ratsa tsakiyar gari ta yi ambaliya, ruwa ya malale babban titi ya shiga shaguna, an kuma sake ganin irin haka a 2024. Don haka gidan da ke kusa da Mill Creek ko Pack Creek, komai kyan inuwar bishiyoyinsa, ka nemi taswirar ambaliya kafin ka sa hannu, ka kuma sani cewa inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta ɗaukar ɓarnar ambaliya, ana sayen wannan daban ne. Wutar daji ma tana nan. A Yunin 2021 wutar da wasu masu kwana a daji suka bari ba su kashe ba ta cinye gefen La Sal ta wajen Pack Creek har da gidaje, kuma ƙasar da ta ƙone ta fi saurin sako ruwa da laka a daminar da ta biyo baya.

Wajen shaƙatawa kuwa, ban san wani gari mai mutum 5,366 (ƙidayar 2020 ke nan) da ke da abin da Moab ke da shi a bakin ƙofarsa ba. Gandun ƙasa na Arches yana kilomita 8 kacal daga gari, da duwatsu fiye da 2,000 da ruwa da ƙanƙara suka huda suka mayar da su kamar baka. Mafi shahara, Delicate Arch, shi ne a jikin lambar motocin Utah. Tafiyar zuwa da dawowa kilomita 4.8 ce a kan dutse babu inuwa, yaro ɗan firamare zai iya in an fita da asuba. Canyonlands, da aka mayar gandun ƙasa a 1964, ya fi girma ya kuma fi kaɗaici, a cikinsa ne kogin Green ya haɗu da Colorado. Kusa da shi akwai Dead Horse Point, inda za ka tsaya a bakin gaɓa ka hango kogin yana lanƙwasa mita 600 a ƙarƙashinka. Ka riƙe hannun yaran, ba ko'ina ke da shinge ba.

Sunan da garin ya yi a duniya na keken hawan dutse ne. Hanyar Slickrock, mai kusan kilomita 17, masu babur ne suka shata ta a 1969 kafin masu keke su mamaye ta. Dutsen yashin wurin yana kama taya sosai, shi ya sa ake hawa gangaren da ido ke cewa ba zai hawu ba. Kada ka fara da ita. Akwai hanyoyi masu sauƙi arewa da gari, da kuma shimfiɗaɗɗiyar hanyar keke da ta tashi daga bakin kogi har ƙofar Arches, wadda ta dace da iyali. Masu jif suna da nasu taron a makon Ista tun 1967. A kogi, sashen da ke gefen hanya mai lamba 128 ruwansa ba shi da faɗa sosai, ana shiga da yara cikin kwalekwalen roba, amma sassan kogin da ake kira Westwater da Cataract na gwanaye ne. Kogin yana da sanyi da ƙarfin ja ko da samansa ya yi lumui, kada kowa ya shiga babu rigar ceto. Idan zafi ya yi zafi, mazauna garin La Sal suke hawa: tafiyar awa ɗaya a mota ta kai ka cikin dajin bishiyoyi da ƙananan tafkuna, inda zafin ya ragu da digiri 10 ko fiye. A ganina wannan dutsen shi ne ya sa garin ke zaunuwa a Yuli. Da hunturu ana wasan zamiya a dusar can, amma babu na'urar ɗaukar mutane sama, kuma akwai haɗarin zaftarewar dusa.

Abu biyu za ka koya wa yara tun ranar farko. Waya ba ta da sabis a yawancin kwazazzaban, don haka ba a fita sai an gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Masu aikin ceto na gundumar Grand, wadda Moab ke cikinta, suna cikin waɗanda suka fi shan aiki a jihar. Na biyu, baƙin ɓawon da za ku gani a kan rairayi mai kama da ƙasa ta ƙone, rayayye ne. Ƙananan halittu ne suka saƙa shi, shi ke riƙe ƙasar kada iska ta kwashe, yana kuma ba tsirrai taki. Taku ɗaya na rusa abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. A bi hanya, ko kan dutse, ko cikin busasshiyar korama. Mutanen garin ba sa ɗaukar wannan da wasa, haka ma taɓa zanen da mutanen dā suka sassaƙa a jikin duwatsun hanyar Potash.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Don ka gane tsadar garin sai ka san yadda ya zama abin da yake. Har 1950 ƙauyen manoma da makiyaya ne mai mutum dubu ɗaya da ɗoriya. A 1952 wani mai neman ma'adinai, Charlie Steen, ya haƙo yuraniyam mai yawa a kudu da garin, cikin shekara 10 jama'a suka haura 4,600. Wanda ya san labarin Arlit, garin yuraniyam na Nijar, ya san irin wannan gari. Masana'antar tace ma'adinin ta rufe a 1984, mutane suka watse, gidaje suka faɗi warwas, aka bar tulin sharar yuraniyam tan miliyan 16 a bakin kogi. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara kwashe ta a jirgin ƙasa zuwa Crescent Junction, kilomita 50 arewa, kuma an ci ƙarfin aikin. Ruwan shan garin ba daga wannan wurin yake fitowa ba, kada wannan ya tayar maka da hankali. Abin da ya ceci Moab bayan ma'adinai shi ne baƙi, kuma sun zo fiye da yadda aka roƙa: a 2021 Arches kaɗai ya karɓi mutum miliyan 1.8, har a 2022 aka fara gwada tsarin sai mutum ya kama lokacin shiga ta intanet tun kafin ya zo.

Garin da ke karɓar miliyoyi ba shi da filin faɗaɗa. Ganuwar dutse ta tsare shi, kuma mafi yawan ƙasar gundumar ta gwamnati ce, abin da ke hannun mutane bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ɗan abin da ya rage kuma otal-otal da gidajen hayar kwana-kwana da masu kuɗin da ke sayen gida na biyu suna takara a kai. Sakamakon shi ne matsakaicin gida ya haura dala 500,000 a garin da yawancin albashinsa na otal ne da gidan abinci, har wasu ma'aikata na kwana a motocinsu. A 2019 hukumomin gari da na gunduma sun dakatar da ba da izinin sababbin masaukan baƙi, akwai kuma ƙungiyoyi irin su Community Rebuilds da ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje da damin kara da yaɓen ƙasa (abin da zai ba ka dariya ganin Bature ya gano ginin da kakanninmu suka sani), amma buƙata ta fi ƙarfinsu. Makarantu da asibiti kan ɗauki ma'aikaci ya amsa, daga baya ya janye don bai sami wurin zama ba. Saboda haka kada ka karɓi aikin nan sai maganar gida ta fito fili a rubuce: ko su ba ka masauki na watannin farko, ko su ƙara kuɗin haya a albashi. Suna neman irinka, kana da bakin ciniki. Albashin da ya yi kyau a takarda ka cire masa hayar Moab, ba ta Houston ba, sannan ka duba saura.

Ruwan sha daga rijiyoyi da maɓuɓɓugai yake, wanda asalinsa dusar La Sal ce da ta narke ta tsuma cikin dutsen yashi. Ruwa ne mai daɗi da tsabta. Sai dai binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ta fitar a 2019 ya nuna abin da ke ƙarƙashin bai kai yadda aka ƙiyasta a 1971 ba, kuma a kan tsohon lissafin aka yi ta ba da izinin gini. Famfo ba zai ƙafe maka gobe ba. Amma wanda ke tunanin sayen gida ya zauna shekara 20 ya kamata ya bi wannan muhawara, domin ita za ta yanke yadda garin zai girma da kuma kuɗin ruwa.

Sai nisa. Babban gari mafi kusa shi ne Grand Junction a jihar Colorado, kusan kilomita 180, tafiyar da ta kusa awa 2. Salt Lake City, babban birnin jihar Utah, awa 4 ce. Akwai babban kantin kayan abinci da ƙanana a Moab, amma babu Walmart, kuma farashi na masu yawon buɗe ido ne, don haka iyalai kan tara sayayya su tafi Grand Junction. Asibitin ƙarami ne, ciwo mai tsanani sai a ɗauki mutum a jirgi zuwa can ko Salt Lake. In akwai mai ganin likita na musamman a gidanku, wannan kaɗai ya isa ya yanke shawarar. Akwai ƙaramin filin jirgin sama arewa da gari, da reshen jami'ar jihar Utah, da babbar sakandare ɗaya. Babban titin garin shi ne babbar hanya mai lamba 191, tireloli na ratsa ta dare da rana, a lokacin baƙi kuma ga ƙarar ƙananan motocin daji da aka yarda su hau kwalta, abin da mazauna suka daɗe suna kuka da shi. Unguwannin da ke kusa da fadamar bakin kogi suna fama da sauro a shekarar da kogi ya cika. Ba sauron zazzaɓin cizon sauro ba ne, amma yana hana zaman waje.

Akwai kuma abin da babu ƙasidar da za ta gaya maka. Musulmi a garin ƙalilan ne, baƙar fata ma haka. Yawancin mutane Turawa ne, sai masu jin Sifaniyanci da 'yan ƙabilar Navajo. Masallatai masu jama'a da mahautan halal da shagunan kayan miyarmu a Salt Lake suke. Hakan na nufin firiza babba, da sayen nama na wata guda, da sallar idi bayan doguwar tafiya, da karatun yara ta waya ko a gabanka. Kitson uwargida da askin yara ma sai an yi musu dabara. Mutanen garin sun saba da baƙi daga ko'ina, zaman lafiya ba zai zama matsala ba, amma sabo da baƙo daban, samun 'yan'uwa daban. Kai za ka wuni a wurin aiki cikin mutane. Ita ce za ta wuni a gida cikin Janairu, lokacin da shaguna da gidajen abinci da yawa sun rufe sai Maris. Ra'ayinta ya fi nawa nauyi a wannan magana.

Da ni ne, zan nemi kwantiragi na 'yan watanni irin na ma'aikatan jinya masu yawo kafin in kwaso iyali, in kuma zaɓi ya faɗo daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In ba za su ba da haka ba, ku ɗauki hutu ku je gaba ɗaya a tsakiyar Janairu, otal na da arha a lokacin. Ku shiga kantin abinci da jerin sayayyarku ta mako ku ga abin da zai ci, ku zagaya Spanish Valley da ke kudu da gari inda yawancin sababbin gidaje suke, ku tambayi makaranta da gidan renon yara ko akwai gurbi, domin gurbin reno a Moab yana da wuyar samu kamar gidan haya.